Ciki Da Ƙwaƙwalwa: Abin Da Ke Sa 'Yan Kasuwa Kuskuren Lissafi

Masu iya magana na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda ya taɓa wuni a rumfa ranar kasuwa, a Isawan ne ko Mayahi ko Tasawa, ya san akwai wani lokaci tsakanin azahar da la'asar da kai ke yin nauyi. Mai awon hatsi ta manta ko tiya bakwai ta zuba ko takwas. Mai shago ya karɓi jika ɗaya ya ba da canjin jika biyu. Mai man gyaɗa ta koma gida ta rasa wa ta bai wa bashi. Daga nan sai a ce tsufa ne, ko a fara zargin maƙwabciyar rumfa da sammu. Alhali sau da yawa matsalar daga ciki ta taso.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Duk wannan ƙarfi ta hanji yake shiga jini. Bayan haka, masana sun tabbatar da cewa a bangon hanji akwai ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100, kuma akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta ratsa wuya da ƙirji ta isa ciki. Mafi yawan saƙon da ke bin wannan jijiya daga ciki yake hawa zuwa kai. Shi ya sa mai tsoro kan ji cikinsa ya ɗuri ruwa, shi kuma mai ciwon ciki hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Gyambon ciki da maganin talla

Yawancin matan da ke sana'a sammako suke yi ba tare da sun sa komai a baki ba. In kai ko ƙugu ya fara sara, sai a kira mai tallan magani a sayi ibuprofen ko diclofenac a haɗiye da ruwa. Waɗannan magunguna suna cin bangon ciki, musamman in an mayar da su abin sha kullum, har su jawo gyambo.

Babban mai haddasa gyambon kuwa wata ƙwayar cuta ce mai suna helikobakta, wadda akan ɗauka tun ana yara ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Likitoci biyu 'yan ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, ya kuwa kamu da ciwon ciki. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Abin da wannan ke nufi ga mai fama da ƙwannafi shi ne, gyambo yana warkewa da maganin likita na kimanin mako biyu. Jiƙon kanwa yana kwantar da zafin na ɗan lokaci kawai. Mai gyambo ba ya samun isasshen barci, wanda bai yi barci ba kuwa lissafi ba ya zama masa daidai.

Tsutsar ciki da ƙarancin jini

Akwai wata tsutsa da ke shiga ta tafin ƙafa in an taka ƙasar da aka yi bahaya a kai. Takan maƙale a hanji tana zuƙar jini kaɗan-kaɗan. In jini ya yi ƙaranci, iskar da ke isa ƙwaƙwalwa sai ta ragu, mutum ya riƙa jin jiri da kasala da mantuwa. Mata masu ciki da masu shayarwa sun fi shiga wannan hali. Haka yaran da ke taya iyayensu talla: a aiki yarinya ta manta saƙon, a dake ta, alhali jini ne ba ta da shi. A 2004 Nijar ta ƙaddamar da shirin ƙasa na yaƙi da tsargiya da tsutsar ciki, inda aka riƙa raba magani a makarantu. Manya ma suna iya neman maganin tsutsa a gidan likita, kuma ba shi da tsada.

Shayi ma yana da hannu. Mai kauri da ake sha da zarar an tashi daga kwano yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Gara a jira kamar awa ɗaya. Wake da hanta da kwaɗon zogale suna ƙara wannan sinadari, matsa lemun tsami a kai kuma yana taimaka wa jiki ya karɓe shi.

Gudawa da zafin bazara

A watannin Afrilu da Mayu zafi a jihar Maraɗi kan haura digiri 40. Mata da yawa sukan ƙi shan ruwa a kasuwa don gudun neman wurin kewayawa. Rashin ruwa ko da kaɗan ne yana kawo ciwon kai da raunin hankali, yana kuma busar da bahaya. In gudawa ta haɗu da wannan zafi, abin ya zama haɗari. A nan ruwan gishiri da sukari ke ceto: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mafita

A karya kumallo kafin a fita, ko da koko da ƙosai ne. Da rana kada a cika ciki dam da tuwo ko shinkafa, domin shi ke kawo gyangyaɗi. Fura da nono abinci ne mai kyau, muddin ruwan damun mai tsabta ne. A wanke hannu da sabulu bayan an juya kuɗi, kafin a ci abinci. A sa wa yara takalmi. Manyan lissafi irin na bashi da adashe a yi su da safe, a kuma rubuta ko a sa yaro ɗan makaranta ya rubuta.

Wanda ya ga bahayarsa ta yi baƙi kamar kwalta, ko yana aman jini, ko yana ramewa babu dalili, ya bar rumfa ya nufi likita a ranar. Kuɗin magani bai kai jarin da ke zurarewa a canjin kuskure ba. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.