Ciwon Sangalin Hannu: Sanadinsa da Hanyoyin Samun Sauƙi



Wataƙila wani zai yi mamakin ganin malamin Hausa ya tsoma baki cikin sha'anin likita. Dalilin kuwa shi ne, sau da yawa maganin ciwo yakan fara ne daga sunan da aka ba shi. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga sa'ad da Shehu yake Sifawa, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki, haka ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Abin da muke nufi da sangalin hannu shi ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Ƙasusuwa biyu ne a wurin, tsokoki kimanin 20 suka lulluɓe su. Takwas daga ciki suna ɓangaren ciki, watau wajen tafi, kuma su ne ke dunƙule yatsu, su lanƙwasa wuyan hannu. Da dama daga cikinsu sun taso ne daga ɗan tudun ƙashin nan na cikin gwiwar hannu, shi ya sa zafin yakan fara daga nan ya gangaro.

Sanadin ciwon galibi shi ne maimaita aiki ɗaya tare da riƙo mai ƙarfi, har zaruruwan tsoka su yi ƙananan yagewa. Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Shagari, mai yini da fartanya ko lauje, da matar da ke daka a Boɗinga, da yaron da ke jan guga a rijiya, duk tsokoki ɗaya suke wahalarwa. Kada ma'aikaci ya zaci ya tsira, domin yini a kan kwamfuta, da matse alƙalami lokacin jarrabawa, da riƙon kan babur a hanyar Sakkwato, su ma sukan kawo shi.

To, a nan ne harshe ya shigo. Bahaushe yakan ce "jijiya ce", alhali kalmar jijiya abu uku take ɗauke da su: mai kai jini, da mai kai saƙon ji da motsi, da mai ɗaure tsoka ga ƙashi. Ciwon tsoka yana ƙaruwa in an dunƙule hannu ko an ɗaga kaya, ya lafa in an huta. Amma in ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun yi sanyi kamar ba na mutum ba, ko ana jin tsira kamar ta allura, to, jijiyar saƙo ce ta matsu, kuma maganinta dabam ne.

Dangane da samun sauƙi, abu na farko shi ne a rage aikin da ya kawo ciwon, ba a daina motsa hannun ɗungum ba. A kwana biyun farko a riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle, ko tsumma mai ruwan sanyi, minti 15 zuwa 20. Bayan haka gashi da ruwan ɗumi da tausa mai sauƙi suna da amfani. In zafin ya ragu, a miƙe hannu, a ja yatsu baya a hankali da ɗaya hannun. A kauraro ƙotar fartanya da tsumma, a riƙa sauya hannu, a riƙa hutawa. Ƙaramin rauni yakan warke cikin mako biyu ko uku, amma na gindin tsoka yakan ɗauki watanni. A yi hattara da ƙwayoyin kashe zafi na 'yan tebur, domin yawan shan irin su diclofenac yana ɓata ciki da ƙoda.

Maɗori yana da daraja a al'adarmu, sai dai tsoka ba karaya ba ce. Ɗauri mai tsanani da karare yana iya tsare jini har tsokar ta mutu, yatsu su ƙanƙance har abada, abin da likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana tun 1881. Saboda haka in hannu ya kumbura ƙwarai, ko yatsu sun canza launi, a kwance ɗaurin a nufi asibiti. In kuwa ciwon hannun hagu ya zo da nauyin ƙirji da gumi, to, zuciya ake tuhuma, kada a kwana.

Ku da kuka yi ilmi, ku ake tambaya in kun je gida. In aka ce muku "jijiya ce", sai ku tambaya: wacce daga cikin ukun?

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.