Hanyoyin Bayyana Ƙi da Ƙiyayya a Harshen Koriya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nuna yadda harshen Koriya ke bayyana ƙi da ƙiyayya. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, nahawun wannan harshe yana raba abin da mai magana ke ji a zuciyarsa da abin da ya gani ga waninsa. An rubuta misalan da haruffan boko bisa tsarin da Koriya ta Kudu ta ɗauka a shekarar 2000.

2.0 Tushen Kalmomi Biyu

Kalmomi biyu na asali ke ɗauke da wannan ma'ana, watau silta da mipda. Silta na nufin abu bai kwanta wa mutum a rai ba, ko abinci ne, ko yanayi, ko aiki, ko mutum. Da ita ake ƙin tayi, kamar yaron da aka miƙa wa magani ya ce sireo, watau "ba na so".

Mipda kuwa galibi ga mutum take tafiya, ko ga halinsa. Sau da yawa tana fitowa tsakanin makusanta, kamar uwa da ɗa ko mata da miji, inda ɓacin rai ya biyo bayan shaƙuwa. Shi ya sa Koriyawa ke da lafazin miun jeong, watau shaƙuwar da ke tsirowa daga yawan saɓani. Suna kuma da karin magana mai cewa yaron da ka tsana, ƙara masa wainar shinkafa guda.

3.0 Matsayin Nahawu

Silta da mipda ba aikatau ba ne, sifofi ne masu tafiya kamar aikatau. A jimlar bayani mai magana kansa yake sifantawa da su, a jimlar tambaya kuwa wanda yake yi wa magana. Misali:

(1) Jeoneun biga sireoyo. "Ba na son ruwan sama."

A nan kalmar bi, "ruwan sama", ta ɗauki ɗafa-ƙeyar -ga mai nuna aikau, tamkar ruwan ne ya zamo abin ƙi. In kuwa wani na uku ake batu, bisa al'ada sai an ɗafa -eohada, sifar ta koma aikatau:

(2) Dongsaengeun bireul sireohaeyo. "Ƙanena ba ya son ruwan sama."

Yanzu bi ta ɗauki -reul mai nuna karɓau. Haka mipda ke komawa miwohada. Dalili shi ne, mutum zuciyarsa kaɗai ya sani. Ta wani sai dai alamun da ta fitar. Marubutan ƙagaggun labarai ne ke yawan tsallake wannan ƙa'ida, domin su suna shiga zukatan taurarinsu.

4.0 Ladabi da Kalmomin Aro

Ƙarshen kalma shi ke nuna girmamawa: sireo ga yaro ko aboki, sireoyo ga baƙo, silseumnida a zaman hukuma. Duk da haka, faɗa wa babba sireoyo kai tsaye yana da kaifi. An fi sakayawa da byeolloyeyo, "ba sosai ba".

Akwai kuma kalmomin da aka aro daga Sinanci, waɗanda suka fi yawa a rubuce. Jeungo ita ce gaba mai tsanani, hyeomo kuwa ƙyama ce. Bayan kisan wata mata kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gangnam a birnin Seoul cikin Mayun 2016, lafazin yeoseong hyeomo, "ƙyamar mata", ya cika jaridu, ana muhawara a kan ko shi ne sunan da ya dace da abin da ya faru.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa mai fassara daga Koriyanci ba zai wadatu da kalmar "ƙi" ita kaɗai ba. Dole ya duba wa ke ji, wa ke ba da labari, da dangantakar da ke tsakaninsu. Wanda ya fassara miwo ta masoya da "na tsane ki" ya mai da shagwaɓa gaba, ya ɓata ma'anar gaba ɗaya.