Sabon Mabuɗi Ga Tsohuwar Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in ba ku labarin wani abu da ya sami kawuna a garin Rogo, domin na tabbata akwai masu kwamfuta da yawa a Karaye da Rogo waɗanda irinsa ya taɓa samu, ko kuwa zai same su nan gaba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Kawuna yana da ɗan shago inda yake buga wa mutane takardu: wasiƙun neman aiki, da yarjejeniyar cinikin gona, da lissafin wata ƙungiyar manoman rake da masara. Duk waɗannan suna cikin wata tsohuwar kwamfutar cinya da ya saya ta hannu a birnin Kano. Ni ma da ita nake gwajin jarrabawar JAMB idan na je hutu, tun da yake daga shekarar 2015 da kwamfuta ake yin wannan jarrabawa.

A dogon hutu na 2025 na iske Kawu cikin damuwa. Kullum ya kunna kwamfutar sai wani rubutu ya fito yana cewa lasisin Windows ɗinsa ya kusa ƙarewa. Bayan 'yan kwanaki kuma sai wasu kalmomi suka zauna a kusurwar allo ta ƙasa, wajen dama, suna cewa “Activate Windows”. Wani mai gyara ya gaya masa wai ba makawa sai an goge komai an zuba sabo. Kawu ya dube ni ya ce, “Ɗana, takardun mutane na shekara uku ke cikin nan. In sun salwanta, da wane ido zan dubi masu su?” Na ce, “Kawu, a dakata tukuna, bari in koma Karaye in tambayi malaminmu na kwamfuta.”

Da na kwashe labari na gaya wa Malam, sai ya yi murmushi ya ce, “Idan takardun babur ɗinka sun ƙare, injin kake kwancewa?” Na ce, “A'a, Malam, sabunta su ake yi.” Ya ce, “To, haka wannan take.” Sa'an nan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da zan maimaita muku yanzu.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da dukan sauran, kamar yadda maigida ke tafiyar da gidansa. Wadda aka fi sani a wajenmu ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975. Wanda ya biya kuɗin Windows, izinin yin aiki da ita ya saya, watau lasisi. Shaidar wannan izini kuwa ita ce mabuɗi. Ba na ƙarfe ba ne, haruffa ne da lambobi guda 25, an kasa su kashi 5, kowane kashi da guda 5. Tun daga Windows XP, wadda ta fito a 2001, kamfanin ya sa ƙa'ida cewa sai kwamfuta ta nuna masa mabuɗinta ya tabbatar da shi, kana a ce lasisinta ya tsaya da ƙafafunsa.

To, me ke sa kwamfutar da ta daɗe tana aiki lafiya ta wayi gari tana neman mabuɗi? Malam ya ce dalilai uku ne suka fi yawa. Na farko, manyan ma'aikatu da makarantu sukan sayi lasisi na taro, wanda sai kwamfuta ta riƙa gaisawa da na'urar ma'aikatar aƙalla sau ɗaya cikin kwana 180. Idan aka sayar da ita ta bar wurin, kwanakin na cika sai ta fara ƙorafi. Na biyu, akwai masu zuba Windows da wata manhajar dabara mai kwaikwayon wancan tsari, ita ma wa'adinta yakan cika. Na uku, idan aka canja babban allon da ke cikin kwamfuta wajen gyara, Windows takan ɗauka an kai ta wata kwamfuta dabam.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne, ko da lasisi ya ƙare, Windows ba ta share takardun kowa. Tana ci gaba da aiki, sai dai ta dame ka da tuni, ta kuma hana ka canja hoton allo da launinsa. Haka nan sa sabon mabuɗi ba ya taɓa takardu, ko hotuna, ko sauran manhajoji.

Ga yadda muka yi da na koma Rogo. Da fari muka kwafe dukan takardun a filas, domin rigakafi ya fi magani, kuma wuta tana iya ɗaukewa a kowane lokaci. Sa'an nan muka duba wace irin Windows ce a ciki. Wannan wajibi ne ƙwarai, domin akwai Home, akwai Pro, kuma mabuɗin Home ba ya buɗe Pro. Ta Kawu Windows 10 Pro ce. Muka juya kwamfutar muka duba ƙarƙashinta, saboda tsofaffi na zamanin Windows 7 sukan zo da mabuɗinsu a wata 'yar takarda da aka manna. Tun daga Windows 8 ta 2012 kuwa, masu ƙerawa a cikin babban allon suke ajiye shi, Windows ta karanto shi da kanta. Mu dai ba mu sami takarda ba, kwamfutar kuma ba ta karanto komai ba, don haka Kawu ya aika Kano aka sayo masa mabuɗin Pro wurin dillalin da Malam ya amince da shi, aka haɗo da rasit.

Ranar da mabuɗin ya iso, muka cika batir, muka jona kwamfutar da intanet ta wayar Kawu. Na shiga wurin da aka rubuta “Settings”, daga nan “Update & Security”, daga nan “Activation”, na danna “Change product key”. Mai Windows 11 kuwa, bayan “Settings” sai ya shiga “System”, can zai ga “Activation”. Wani ɗan akwati ya fito. Kawu yana karantowa ina bugawa. Karon farko ta ƙi karɓa, gaban Kawu ya faɗi. Da muka sake dubawa, ashe harafin B na ɗauka lamba 8 ce. Ku kula da wannan, haka ma G da 6. Na gyara, na danna “Next”, sa'an nan “Activate”. Kafin Kawu ya shanye shayinsa, rubutun nan na kusurwa ya ɓace. Ya buɗe lissafin manoma ya ga komai yana nan, ko ɗigo bai ɓata ba.

Daga ƙarshe muka haɗa lasisin da asusun Microsoft na Kawu, domin ya taimaka wajen maido da shi idan an canja wani abu cikin kwamfutar. Mabuɗin da rasit ɗin kuwa ya sa su cikin akwatin da yake ajiye takardun gona.

Akwai gargaɗi biyu da Malam ya ce lalle in isar. Na ɗaya, araha ba ta ado. Za ku ga masu tallar mabuɗi a kan kuɗin da bai kai na kwanon masara ba. Sau da yawa mabuɗi ɗaya ne ake sayar wa mutane barkatai, ya yi aiki yau, gobe a toshe shi. Manhajojin dabara kuma sukan ce sai ka kashe mai gadin kwamfutarka kafin su yi aiki, alhali ta nan ɓarayi ke shiga su kwashi asirin mutane. Wanda ke riƙe da amanar takardun jama'a bai kamata ya buɗe wannan ƙofa ba.

Na biyu, mabuɗi ba ya mayar da tsohuwa yarinya. Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyare-gyaren tsaro ranar 14 ga Janairu, 2020, ta kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Saboda haka kafin mutum ya kashe kuɗinsa, ya bincika ko kwamfutarsa za ta iya ɗaukar Windows 11, wadda ta fito a 2021. In za ta iya, lasisin Windows 10 na gaskiya yana aiki a kanta, muddin iri ɗaya ne, Home da Home, Pro da Pro. Wanda kuma ba shi da halin saye, akwai babbar manhaja mai suna Linux, wadda ake samun ire-irenta kyauta, ba ta neman mabuɗi.

Iyayenmu, idan kun tashi saya mana kwamfuta ta hannu, ku sa a buɗe muku shafin “Activation” tun a shago, ku tambayi wane irin lasisi ne a ciki, ku kuma karɓi rasit. Mu kuma ɗalibai, idan aka ce da mu sai an goge komai, kada mu yi garaje, mu fara kwafe takardunmu, mu nemi wanda ya sani. Matambayi ba ya ɓata. Kawu dai yana nan a shagonsa yana ta bugu, ni kuma na koma gwajin jarrabawata. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, amin.