Kantin Giyar Unguwa a Faransa: Me Ya Raya Shi?

A unguwar Croix-Rousse da ke kan tudu a birnin Liyon, inda masaƙan siliki suka yi tashe a ƙarni na 19, akwai wani irin kanti da ake yawan gani, kamar yadda ake ganinsa a Faris da Bordo. Ɗan ɗaki ne, kwalaben giyar inabi jere a bango, da 'yan tebura kaɗan. Da rana mutum ya sayi kwalba ya wuce gida. Da yamma ya zauna a zuba masa kofi guda, a kawo burodi da cuku da yankakken naman alade. In ya zaɓi kwalba ya ce a nan zai sha, sai a ɗora masa kuɗin buɗewa. Baƙon da ya tarar da wurin cike zai ɗauka Faransawa sun ƙara dulmuya cikin shaye-shaye, amma alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Raguwar shan giya ce ta haifi wannan kanti.

A farkon shekarun 1960, in aka raba giyar inabin da ake sha a ƙasar bisa yawan jama'a, kowa na tashi da fiye da lita 100 a shekara. Yau kusan lita 40 ne. A da abin shan lebura ce da manomi, mai arha, ana kora abinci da ita dare da rana; sai a 1956 ne ma gwamnati ta hana ba yaran da ba su kai shekara 14 ba giya a ɗakin cin abincin makaranta. Dokar Évin ta 1991 ta sa wa tallar barasa takunkumi, a 2009 kuma aka haramta sayar wa wanda bai cika 18 ba. Tsofaffin mashayun unguwa, da suka kai kusan 200,000 a 1960, yanzu ba su cika 40,000 ba. A 2023 ma biyan manoman Bordo aka shiga yi su tumɓuke itatuwan inabinsu saboda kaya ya yi kwantai.

To a kasuwar da ke tsukewa haka, ina ƙaramin ɗan kasuwa zai ci abinci? Ba zai ja da manyan kantuna a farashi ba, don su ke sayar da mafi yawan kwalaben da ake kaiwa gida, kuma tun 1973 kamfanin Leclerc, ɗaya daga cikinsu, ya fito da bikin rangwamen giya na shekara-shekara. Sai ya koma ga abin da babban kanti ba shi da shi, wato sanin kaya da sanin mutane. Mai kantin Liyon yana da gonakin Bojole a arewacinsa, inda manoma irin su marigayi Marcel Lapierre na yankin Morgon suka yi suna wajen yin giya ba tare da cika mata sinadarai ba. Ya san manomin, ya san gonar, ya kuma san abin da kowane maƙwabci ke so. Wanda ke sha jefi-jefi ya fi son a yi masa bayani, kuma zai biya. Ribar kofi-kofi ta fi ta kwalba. Lasisin giyar inabi ma ya fi sauƙi, domin na barasa mai ƙarfi akasari sai dai a saya daga hannun wani. Ga gidajen birni ƙanana, mutane da yawa su kaɗai suke zaune. Kamar teburin mai shayi, rabin abin da ake biya kuɗin zama ne da hira.

Mai karatu Musulmi na iya cewa ina ruwansa, tunda giya haramun ce. Haramun ce, kuma ba wanda ya ce ya ɗanɗana, amma sanin yadda wata al'umma ke tafiyar da rayuwarta daban yake da amincewa da ita. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta likitoci: fitila mai taushi da labarin manomi ba sa rage illar barasa. Hukumar lafiyar jama'a ta Faransa ta ƙiyasta cewa barasa na sanadin mutuwar mutum 41,000 a shekara, tana kuma gargaɗin kada a wuce kofi biyu a rana, kuma ba kullum ba. Wannan suka gaskiya ce, sai dai ba ta rushe hujjar cewa raguwar sha ce ta haifi kantin ba, don masu zama a irin wannan kanti ba sa sha kamar kakanninsu. Inda kantin ya kasa kare kansa shi ne a batun wa ke iya shiga. Tsohuwar mashaya ta ma'aikaci ce, sabuwar kuwa ta mai albashi mai kauri ce, tana yawan ɓulla a unguwar da haya ta kori talaka. Miliyoyin Musulmin Faransa ma ba majalisarsu ba ce.

Ɗalibin da ya tashi daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Liyon zai ji abokan karatu na gayyatarsa irin wannan wuri bayan aji. Hukuncin zama a teburin da ake shan giya na malamai ne. Ta fuskar doka dai, Faransa ta wajabta wa kowace mashaya ta baje aƙalla kwalabe 10 na abin sha marar barasa a inda kowa zai gani.