Robar da Ka Jefar Tubali Ce

Duk wanda ya ratsa kasuwar Gadarif ta Sudan da damina ya san yadda leda da gorunan roba suke toshe magudanai. Ga kuma jama'a ta ƙaru. Tun ƙarshen 2020 'yan gudun hijirar Habasha ke zaune a sansanin Um Rakuba da ke jihar Gadarif, yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a Afrilun 2023 kuma ya koro dubban iyalai zuwa jihar. Muhalli ya yi ƙaranci, bola ta yi yawa, alhali bolar nan tana iya zama bango.

An gwada a Arewacin Najeriya. A 2011 ƙungiyar DARE ta gina gida da gorunan roba a ƙauyen Yelwa, kusa da Kaduna. Ana ɗura wa kowace gora busasshen yashi, a danna shi har ya yi tauri, a murɗe murfin. Sai magini ya kwantar da su sahu-sahu kamar tubali, ya cike tsakaninsu da laka ko siminti, ya ɗaure wuyansu da igiya. Gida mai ɗaki biyu yakan ci gora wajen 14,000. Saboda kaurin bangon, ɗakin ba ya saurin ɗaukar zafi.

A sansanonin 'yan gudun hijira na Tinduf a Aljeriya ma, wani injiniya mai suna Tateh Lehbib ya gina wa kakarsa zagayayyen ɗaki da gora kusan 6,000. Da aka ga amfaninsa, Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da kuɗin gina wasu 25. Zagayayyen ɗaki kuwa ba baƙo ba ne a Gadarif, ƙasar bukkokin jinka.

Sai dai a yi hattara. Rana tana cin roba, don haka dole a yaɓe bangon ciki da waje. Baƙar ƙasar Gadarif tana kumbura da damina, ta dare da rani, gini kowane iri ba ya tsayawa a kanta sai da harsashi mai ƙwari. Kada kuma a narka leda a tsakar gida da sunan yin bulo, hayaƙinta guba ne.

Magina da masu unguwanni, ku fara da ƙaramin aiki, kamar katangar makaranta ko ɗakin ajiya. Kai kuma mai karatu, in ka shanye ruwan, ajiye gorar da murfinta.