Saran maciji mai kacau-kacau: Illar dafinsa da yadda likitoci ke karya shi

A nahiyar Amurka kaɗai ake samun macijin nan da Turawa ke kira rattlesnake, tun daga kudancin Kanada har zuwa Ajantina, amma ya fi yawa a busassun yankunan kudu maso yammacin Amurka da arewacin Mekziko. Yana da wasu busassun zobba a ƙarshen wutsiya, waɗanda yake kaɗawa su yi ƙara kamar kacau-kacau idan an matso kusa da shi. Sai dai ba kullum yake yin wannan gargaɗi kafin ya kai sara ba.

Dangin kasa da kububuwa ne, kuma aikin dafinsa ya yi kama da nasu. Da farko yakan lalata naman da ke kewaye da wurin saran, ya farfasa ƙananan hanyoyin jini, sai raɗaɗi mai tsanani da kumburin da ke hawa gaɓa sannu a hankali, wani lokaci har da bororo mai jini. Illar da ta fi haɗari kuwa ba a ganinta da wuri: dafin yakan cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, ta yadda majiyyaci zai iya zubar da jini ta dasashi, ta fitsari ko a cikin ciki. Wasu nau'o'in, kamar na hamadar Mojave da wanda ake samu a Brazil, dafinsu na taɓa jijiyoyi, fatar ido ta saki, numfashi ya yi wuya. Na Brazil ɗin yakan kuma narkar da tsoka har ƙoda ta gaza.

Duk da haka, mutuwa ba ta da yawa a Amurka. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce mutum 7,000 zuwa 8,000 macizai masu dafi ke sara a shekara, amma kimanin biyar ne ke rasa rai. Dalilin shi ne saurin isa asibiti da samun makarin dafi.

Ana haɗa makarin ne ta hanyar yi wa dabba allurar dafi kaɗan-kaɗan, har jikinta ya samar da garkuwa, sannan a tace ta daga jininta. CroFab, wanda aka amince da shi a 2000, daga tumaki ake samunsa, Anavip kuwa, na 2015, daga dawaki. A asibiti likita yakan zana iyakar kumburin a fata da biro, ya rubuta lokaci, ya riƙa auna jini don sanin ko makarin ya wadatar. Makarin yana tsayar da ɓarna ne, ba ya maido da naman da ya riga ya mutu, shi ya sa jinkirin sa'o'i kan jawo nakasa. Bayan sallama ma akan sake gwada jini, domin matsalar daskarewa kan iya dawowa bayan kwanaki.

Kafin isa asibiti, likitoci sun hana tsaga wurin, tsotse dafi, ɗora ƙanƙara ko ɗaure gaɓa tamau da igiya, domin ɗaurin kan tare jini ya ƙara kashe nama. Abin da ake so shi ne a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rage motsi, a nemi mota. Kada a taɓa macijin ko da an kashe shi, domin kan da aka datse yana iya sara.

Makarin Amurka ba a yi shi don macizan Najeriya ba. Wanda kububuwa ta sara yana buƙatar irin wanda aka haɗa da dafinta, kamar EchiTAb da ake amfani da shi a asibitin masu saran maciji na Kaltungo, Jihar Gombe.