Baƙin jirgin ruwa a ƙasar Masar: yini guda a gindin dalar Fir'auna

Masar ƙasa ce ta Afirka, tana arewa maso gabas da Nijar. A shekarar 2023 baƙi kusan miliyan 15 suka ziyarce ta. Da yawansu tsofaffin gine-gine suka je gani. Wasu jirgin sama ke kai su, wasu kuma jirgin ruwa.

Jirgin da ke yawo da baƙi

Akwai manyan jiragen ruwa da aikinsu yawo da baƙi bisa teku. Jirgi guda yana ɗaukar mutane dubbai. A cikinsa akwai ɗakunan kwana da wurin cin abinci, kamar gari ne ke tafiya bisa ruwa. Da dare yana tafiya, da safe ya tsaya bakin wani birni, fasinja su sauka su ga gari.

A Masar, irin wannan jirgi yakan tsaya Iskandariya, bakin tekun Bahar Rum. Daga nan zuwa Alƙahira, babban birnin ƙasar, kilometir 220 ne, kusan kamar daga Yamai zuwa Kore Mairuwa. Mota tana yin awa uku. Saboda haka tun da sassafe ake fita. Jirgi yana da lokacin tashi, kuma wanda ya tafi yawonsa shi kaɗai ya makara, ba a jiran shi.

Aikin jagora

Baƙo ko da ido makaho ne. Shi ya sa kowace mota take da jagora. Jagora ya yi karatun tarihi, yana jin harshen baƙi, kuma sai da takardar izini ta gwamnati yake aiki. Shi ke ƙidaya mutane in za a tashi. Shi ke karɓo tikitin shiga. Shi ke faɗin doka: ba a hawa dala, ba a ɗaukar ko ɗan tsakuwa a sa aljihu.

Abin da ake gani

Wurin da aka fi zuwa shi ne Giza, kusa da Alƙahira. Can dala uku manya suke. Wannan dala ba ta kuɗi ba ce. Gini ne na dutse mai faɗin gindi da tsinin kai, kamar yadda ake tara buhunan gyaɗa a da. Kabarin sarki ne.

Fir'auna ba sunan mutum guda ba ne. Sarauta ce, kamar a ce Sarkin Arewa. An yi Fir'aunoni da yawa. Wanda aka gina wa babbar dala sunansa Kufu, yau shekara 4,500 ke nan. Tsawonta lokacin da aka gama ta metir 146 ne. An jera duwatsu fiye da miliyan 2, yawancinsu kowane ya fi tan 2 nauyi. Ba mota, ba inji. Da igiya da katako da ƙarfin mutane aka ja su.

Kusa da nan akwai wani mutum-mutumi mai jikin zaki da kan mutum, an sassaƙa shi daga dutsen wurin. Larabawa suna ce mashi Abul Haul. Daga nan sai gidan ajiyar kayan tarihi, inda baƙi ke ganin kayan zinariya na wani yaron sarki, Tutankamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922. Da la'asar jagora ya sake ƙidaya mutanensa, a koma jirgi.

Ina jagora ya san duk wannan?

Amsar ita ce rubutu. Mutanen Masar na da sun iya rubutu. Sun rubuta bisa bango, bisa dutse, da bisa wata takarda da suke yi da ciyawar bakin kogin Nilu. Daga baya aka manta karatun, fiye da shekara 1,000 ba mai iya shi. Gine-gine na tsaye, amma ba mai faɗin labarinsu daidai.

A 1799 aka tsinci wani dutse a garin Rashid. Magana guda ce aka rubuta a kansa da rubutu iri uku, ɗaya na Girkawa ne, wanda masana suka sani. Da shi wani Bafaranshe, Shampoliyon, ya gano bakin zaren a 1822.

A 2013 kuma aka tono takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer. Kowace rana yana rubuta aikin da mutanensa suka yi, yadda suka ɗauko duwatsu cikin jirgi bisa Nilu zuwa dalar Kufu. Ba sarki ba ne, ma'aikaci ne. Amma da yake ya rubuta, har yau ana jin maganarsa.

Arewa ma tana da nata

A Lugu, arewa da Dogon Dutsi, Sarauniya Mangu ta yi yaƙi da rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan a watan Afrilu na 1899. Abdullahi Mamani ya yi littafi a kanta a 1980, an kuma yi fim a 1986. Wannan labari ya samu mai rubutawa.

To, sauran garuruwa fa? Wa ya kafa gari? Wa ya gina rijiyar farko? Daga ina kakanni suka taso? Wannan duka yana bakin tsofaffi, kuma kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu.

Wanda ya koyi karatu da rubutu yana iya wannan aiki. Littafi guda da alƙalami sun isa. Ya zauna gun tsoho bayan sallar la'asar, ya tambaya, ya rubuta sunan mai magana da ranar da aka yi hirar. In tsofaffi biyu sun saɓa, ya rubuta maganar kowanensu, kada ya ƙara nasa. Ran da baƙo ya zo, ko jika ya tambaya, gari yana da jagoransa.